Yadda Na Sayar da Gilashin Iyo a Sabo

Mijina ya taɓa buga ƙwallo, kuma bai yarda kowa a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a Ibadan, ya manta da haka ba. Tun kafin a ɗaura mana aure ake kiransa Koci, ko da yake har yau ban ga ƙungiyar da ya koyar ba. A yadda yake ba da labarin, saura mako biyu a tafi da shi Turai wani ɗan baya marar imani ya tokare masa gwiwa a wani fili da ke bayan Mokola. Wani lokaci saura mako ɗaya ne. Ranar da ya ci ya ƙoshi kuwa, jirgin ma har ya tayar da inji.

Da mahaifinsu ya rasu aka raba abin da ya tara a cinikin goro, 'yan'uwansa suka bi hanyar da kowa ya sani. Yayansa ya ƙara jari a albasa can kasuwar Shasha, ƙanensa ya sayi keke biyu ya ba direbobi. Mijina kuwa ya kama shago a bakin titi, ya tafi Legas ya dawo da kayan wasanni. Ya ce Sabo cike take da matasa masu ƙafa, abin da suka rasa kawai wanda zai sa musu takalmi na gaske.

Maganar gaskiya, shagon ya yi kyau. Rigunan ƙwallo kala-kala a rataye, takalma a jere kan katako, ƙwallaye cikin raga suna lilo daga rufi. Ya kafa talabijin a sama, ya ajiye benci biyu a ƙasa. To, talabijin ɗin nan da bencin nan su ne suka yi kasuwa. Tun hantsi har magariba shagon a cike yake da maza, ana musun wane ya fi wane iya yanka, ana shan ruwan leda na mai shago. In na tambaye shi ciniki sai ya dube ni da tausayi.

"Maman yara, ba ki san kasuwancin zamani ba. Mutane ake fara tarawa. Kuɗi daga baya suke biyowa."

Mutane dai sun taru. Matasan nan masu ƙafa ma suna zuwa. Su zauna ya gwada musu takalmi ɗaya bayan ɗaya, yana latsa musu yatsa yana bayanin irin ƙusar da ta dace da ƙasa mai tauri. In sun gane lambar ƙafarsu su yi godiya, su wuce wajen masu gwanjo su saya a rabin kuɗi. Washegari su zo su nuna masa, shi kuma ya yaba.

Kuma ba kowa yake sayar wa ba. Wata rana da damina wani ɗan okada ya tsaya ya nemi safar hannu irin ta mai tsaron gida, ya ce hannunsa na santsi a kan babur in ana ruwa. Ga kuɗinsa a hannu. Mijina ya ce ba zai sayar ba. Wai safar nan don kama ƙwallo aka yi ta, mutane sun zauna sun yi tunani kafin su ƙera ta, ba zai bari a wulaƙanta ta a kan totur ba. Da alfahari ya ba ni labarin muna cin abincin rana. Abincin kuwa da kuɗin yajina aka dafa shi.

Sana'ata ke nan, yaji. Ina daka barkono da citta da ƙuli-ƙuli da sauran kayan ƙamshi, in zuba a robobi, masu tsire da masu sayar da abinci su aiko su saya. Sana'a ce mai rufin asiri, sai dai tana cin ido. Ranar daka wuni nake yi ina hawaye, har maƙwabta sabbin zuwa sukan leƙo su tambaya wa ya rasu.

Kayan iyo kuwa ba da niyya suka shigo gidanmu ba. Dilan da mijina ke saro kaya a wajensa a Legas yana da wata dabara: duk mai son takalma sai an haɗa masa da kwali na kayan da suka ƙi tafiya. Haka muka tashi da kwali biyu na gilashin iyo, irin mai robar nan da ke mannewa a fuska ruwa ba ya shiga, da kuma tulin tabarmin soso na motsa jiki. Shago babu wuri, sai aka jibge su a ɗakina, wasu ƙarƙashin gado, wasu saman sif. Wata shida suna nan, ina share ƙura a kansu.

Wata Talata aka kawo mini wani barkono daga kasuwar Bodija wanda ban taɓa ganin mai zafinsa ba. Taɓarya uku na buga na daina gani. Na shiga ɗaki neman tsumman goge ido, ƙafata ta yi karo da kwalin nan. Na tsaya na dube shi. Na ciro ɗaya, ruwan hoda, na ja robar ta bayan ɗankwali, na koma bakin turmi. Ranar na daka tiya guda ko ɗigon hawaye ban yi ba. Atishawa dai na sha, amma wannan ba laifin gilashi ba ne.

Ina cikin daka sai ga Iya ta shigo ɗiban ruwa. Iya Bayarabiya ce mai injin markaɗe a ƙofar gidanmu, ta fi shekara ashirin a Sabo, Hausa ta zauna a bakinta daram. Tana ganina ta saki bokiti.

"Iyawo, amarya! Kini yi, mene ne wannan? Me ya samu idonki?"

"Babu abin da ya same shi, Iya. Yau ma ya fi kullum lafiya."

Ta matso ta leƙa fuskata, ta dubi turmi, ta sake dubana. Ba ta ƙara tambaya ba ta cire shi daga kaina ta sa a nata, ta fita. Na ji inji ya tashi. Na leƙa ta zaure na gan ta ta zuba attaruhu zalla, ta kai fuskarta daidai bakin injin tana kallonsa ido cikin ido, kamar mai rama tsohuwar gaba. Da ta dawo kalma biyu ta faɗa.

"Elo ni? Nawa?"

Ban san kuɗinsa ba. Na faɗi abin da ya zo bakina, ta kwance bakin zane ta biya babu tayi. Nan na gane na yi araha.

Duk macen da ta kawo markaɗe a makon nan ta ga Iya da ido ruwan hoda kamar na ƙwaro, ta yi dariya, ta tambaya, sannan ta shigo wajena. Da farko masu abincin sayarwa ne. Sai matan da ke yanka albasa buhu-buhu ga masu tsire. Sai masu girkin biki, waɗanda hayaƙin itace ya mayar da idanunsu ja. Ƙanwar Iya da ke da inji a Bodija ta aiko a ba ta dozin, bayan kwana uku ta aiko a ƙara. Wata ma cewa ta yi a zaɓo mata mai launin da zai shiga da hijabinta.

Tabarmin soso kuwa surukata ce ta buɗe musu kasuwa. Hajiya, mahaifiyar mijina, tana zaune tare da mu, ta daɗe tana fama da gwiwa in za ta yi sujada a kan siminti. Na shimfiɗa mata ɗaya a ƙarƙashin sallaya. Ta yi azahar, ta ƙara nafila, ta ƙara wata, sannan ta naɗe abinta ta tafi da ita makarantar matan da suke zuwa ran Asabar. Kafin wata ya ƙare, duk wata tsohuwa mai ji da kanta a makarantar nan tana tafe da tabarmar motsa jiki a hammata.

Kuɗin ba nawa ba ne, kayan mijina ne. Da kwalayen suka ƙare na haɗa komai na ajiye masa a gefen kofin shayi da safe. Ya dubi kuɗin, ya dube ni.

"Na mene ne?"

"Kayan nan na ƙarƙashin gado. Sun ƙare."

"Gilasan? Duka? Wa ya saya?"

"Mata."

Allah ya sani, na buɗe baki zan ƙarasa. Amma kafin in ce komai ya miƙe tsaye, burodi a hannu, idonsa na ƙyalli.

"Na sani! Wallahi na sani! Makarantun kuɗin nan ne, yanzu duk sun fara kai yara koyon iyo. Iyaye mata su ne ke fara ganewa. Tabarmin kuma fa?"

"Su ma mata ne. Manya."

"Kin gani? Likitoci sun yi ta magana, yanzu an fara ji. Maman yara, Sabo ta farka!"

Na tuna ɗan okada da safar hannu, na ja bakina na yi shiru. Ban yi ƙarya ba. Da wannan na riƙa lallashin kaina wata da watanni.

Ya kira dila a gabana ya ce a aiko da kwali huɗu. Har daga inda nake zaune ina jin mutumin yana ihu cikin Turancin buroka, yana tambaya ko teku ce ta ƙaura zuwa Ibadan. Ya ce a duk masu sarin kaya a wajensa babu wanda ya taɓa dawowa neman gilashin iyo karo na biyu. Mijina ya gyara murya ya ce masa kasuwa ba a ido take ba, a ƙwaƙwalwa take.

Kwali huɗun suka zo suka tafi. Wasu suka biyo baya. A karon farko tun buɗe shago aka biya haya ba tare da an je gaishe da yayansa a Shasha ba. Mijina ya yi ƙiba, ya ɗinka sababbin kaya, ya sa aka sake rubuta allon shago aka zana wani mutum yana tsalle cikin ruwa. A shago kuwa an rage musun ƙwallo, an koma sauraron darasi. Yana zaune kan kujerarsa yana yi wa 'yan benci bayanin yadda ɗan kasuwa ke hango abin da jama'a za su so tun su kansu ba su sani ba. Ƙanensa mai keke ya ce mini har alli ya saya yana zana musu layi a bango, layin na hawa sama. Abin da bai taɓa tambaya ba shi ne me ya sa ba a taɓa sayen gilashi ko ɗaya a shagon ba, sai a gida. Da na gwada tsokano maganar sai ya ce ai mata kunya gare su, ba za su shiga cikin maza ba, shi ya sa tun farko ya tsara a riƙa ajiye kayan a wajena.

Na kai ƙara wajen Hajiya. Na ce abin nan ya fara ba ni tsoro, gara in gaya masa. Tana zaune kan tabarmarta tana jan carbi, ta ce:

"'Yar nan, rabon da in ga yaron nan yana dariya har haƙoransa na ciki su fito, tun kafin ya ji ciwo a ƙafa. Kin saci kuɗinsa?"

"A'a, Hajiya."

"Kin yi masa ƙarya?"

"A'a."

"To ki bar shi ya ci abinci."

Na bar shi. Na kuma ji daɗin samun wadda zan raba laifin da ita.

Bayan ƙaramar salla ya ce zai je Legas da kansa, akwai abin mamaki da yake shirya mini. Na ɗauka atamfa ce. Kwana biyu sai ga keke uku sun tsaya a ƙofar gida, kwalaye har saman rufi. Ya sa aka shigo da su tsakar gida, ya kira ni da Hajiya, ya riƙa yanka su da reza yana ɗagawa ɗaya-ɗaya kamar mai nuna lefe. Hulunan roba na iyo. Gajerun wanduna masu santsi. Wasu zobba na roba da ake hura wa iska yaro ya shiga ciki kada ya nutse. Sai kuma wasu takalma dogaye masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, kwali uku cur.

"Wanda ya sayi gilashi," in ji shi, "dole ya nemi sauran. Wannan karon ko takalmin ƙwallo ɗaya ban saro ba. Duk jarin na zuba a nan."

Hajiya ta ɗauki ƙafar agwagwa ɗaya ta juya ta, ta sake juyawa, ta ajiye a hankali. Ta ce lokacin walaha ya yi, ta shige ɗaki ta bar ni tsaye.

Na yi iya ƙoƙarina. Duk wadda ta zo sayen gilashi sai in nuna mata sauran kayan. Su taɓa, su yi dariya, su ɗauki gilashinsu su tafi. Iya ta sa ƙafar agwagwa ta yi taku uku a tsakar gida ta kusa faɗawa cikin turmi. Mako uku ko hula ɗaya ba ta fita ba. Mijina ya fara zama shiru a bakin gado da safe yana lissafi da yatsu.

"Abin da ban gane ba," ya ce, "da me yaran nan suke shiga ruwan? Gilashi kawai?"

Na ce wataƙila da kayan gida. Har yau in na tuna amsar nan sai in ji kunya.

Asirin ya tonu ne ranar sunan ɗan ƙanensa. An yanka rago da safe, maza na zaune a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa, mu mata muna can baya wajen girki. Shayin maza ya ƙare, aka rasa wanda za a aika, mijina a matsayinsa na babban wa a wurin ya ce bari ya leƙa da kansa. Ya yi sallama ya zagayo.

Ina durƙushe ina wanke shinkafa na ɗago na gan shi. Na kuma ga abin da yake gani. Mata sun kai goma a zagaye da tukwane, hayaƙi ya turnuƙe, kowacce da gilashin iyo a fuska. Shuɗi, kore, ruwan hoda, ruwan ɗorawa. Huɗu na yankan albasa a tire, biyu na jajjage, ɗaya na hura wuta da murfin roba. Can gefe a inuwa tsofaffi uku na zaune kan tabarmin motsa jiki suna tsinke zogale.

Ya tsaya da butar shayi a hannu, bakinsa a buɗe.

Iya ce ta fara ganinsa. Ta ɗaga ludayi sama. "Koci! Oko iyawo, angon amarya! Ga mai gilashi ya zo!" Wata ta rangaɗa guɗa. Nan take aka yi masa caa da addu'a. Wata ta ce shekara goma sha tana girkin biki, bana ne kawai ta ga fuskar amarya da idonta. Wata ta ce Allah ya kai shi Makka. Wata tsohuwa daga kan tabarma ta ce duk sujadar da ta yi yana da lada a ciki. Shi dai yana ta cewa amin, amin, muryarsa can ƙasa. Ya juya ya fita bai karɓi shayin ba.

Da la'asar na koma gida na same shi zaune a tsakiyar kwalayensa. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Tun yaushe?"

"Tun na farko, Baban yara."

"Ko ɗaya ba a shiga ruwa da shi ba?"

"Ban sani ba. Wataƙila..."

"Kada ki ce wataƙila."

Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya faɗi abin da ban taɓa kawowa a raina ba.

"Matar mai shayi na cikinsu. Da matar tela. Da matar wanda ke zama kusa da talabijin kullum. Ke nan mazansu sun sani. Kullum suna ganin matansu da abin nan a gindin murhu, su zo su zauna a bencina, in tashi in yi musu zane a bango, su ce sai Koci."

Haka ne kuwa. Daga baya ƙanensa ya gaya mini har wasa suke yi da abin, in hira ta mutu sai wani ya ce, Koci, yaya labarin 'yan iyo? Su gyara zama. Ni da na yi shiru don kada ransa ya ɓaci, ni na ba su abin dariya na wata takwas. Na ba shi haƙuri har da hawayena, na gaske wannan karon. Ya ce ya ji. Amma kwana huɗu bai buɗe shago ba, abinci ma sai Hajiya ta tsaya a kansa. Ita kuwa da ya tambaye ta ko ta sani, cewa ta yi ita tsohuwa ce, ba ta gane kayan zamani.

A rana ta biyar ya fita. Abin da ya fara yi shi ne ya kira mai gyaran lantarki ya sauke talabijin, ya ba masallacin layinmu benci biyun sadaka. Shago ya yi tsit. Ya kira dila ya roƙe shi ya karɓi kayansa ko da ragi, mutumin ya yi dariya ya ce kayan da suka hau mota ba sa sanin hanyar dawowa. Da dilan ya matsa masa da tambayar ina 'yan iyon suka shiga, mijina ya gaya masa gaskiya. Wannan kuskure ne. Ba a yi wata biyu ba sai ga gilashin iyo a kan tiren 'yan talla a Bodija, ana kiransa gilashin albasa, a ƙasa da kuɗin da muke saro shi. Kasuwata ta mutu murus.

Saura kwalayen da suka cinye jari. Na nemi izini in gwada sa'ata, ya ɗaga kafaɗa ya ce in yi abin da na ga dama, shi ba ya son ya sani. Hulunan roba masu suyar kifi da masu tuyar ƙosai suka ɗauke su sannu a hankali, don hayaƙi ba ya ratsa su ya kama kitso. Wandunan na karyar da su aka saya wa yara na zaman gida. Zobban hurawa ne suka gagare ni, na rasa ta inda zan ɓullo musu. Ya kwashe su ya kai shago ya rataye, don dai a sami wuri a ɗaki.

Wata rana ya dawo cin abincin rana yana ta murmushi shi kaɗai. Na yi kamar ban gani ba. Sai da ya wanke hannu ya ce:

"Kin san Alhajin nan mai canji, na kusa da masallacin Juma'a?"

Na ce na san matarsa.

"Ya zo shago yau. Ya jira har babu kowa. Ya nuna zoben nan ya ce a hura masa ɗaya ya gani. Na hura. Ya ɗora a kujerata ya zauna a kai." Ya yi ƙoƙarin haɗiye dariya. "Maman yara, mutumin nan ya lumshe ido ya ce alhamdulillahi sau uku. Basir ne ke cinsa shekara da shekaru, ga sana'ar zama. Ya ce in naɗe masa biyu a baƙar leda, kada in gaya wa kowa."

"Ka sayar?"

"Na sayar."

"Ba don iyo aka yi shi ba fa."

Ya harare ni, sannan dariyar ta ƙwace masa, har Hajiya ta leƙo ta taga tana tambaya lafiya.

Alhajin bai gaya wa kowa ba, mijina ma bai gaya wa kowa ba sai ni, amma cikin mako biyu 'yan canji da teloli da direbobin dogon zango suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, kowa na waige-waige, kowa na cewa wani abokinsa ne ya aiko shi. Mijina ya ware baƙaƙen ledoji musamman. Ba ya tambaya, ba ya wa'azi. Da kuɗin zobban nan ya sake saro takalman ƙwallo, kaɗan, ya haɗa da na gwanjo masu kyau, waɗanda a da ya rantse ba za su shiga shagonsa ba. Jarin bai dawo duka ba, har yau bai dawo ba. Amma shagon na biyan hayar kansa, wani watan har ya sayi buhun shinkafa.

Ƙafar agwagwa ce kawai ta ƙi kowa. Na kai wa mai gyaran takalmi ko zai yanka ya yi ƙasan silifa, ya ce robar ta yi laushi. Wata ta gwada fifita wuta da ita, ta narke.

Wata Asabar da safe na ga mijina ya ciro guda biyu ya sa a jaka, da tawul, da gajeren wando ɗaya da ya rage. Na ce ina zuwa? Ya ce akwai wurin iyo a wani otal can kan tudu, ana biya a shiga. Ya ce shekara guda yana yi wa mutane bayanin iyo, ya kamata a ce ko mutum ɗaya daga Sabo ya taɓa shiga ruwan nan. Sai a ranar na san bai taɓa shiga ruwan da ya wuce bokiti ba.

Ya dawo bayan azahar idanu jajur, yana tari, ya ci tuwo malmala uku. Ya ce mai kula da wurin ya hana shi sa ƙafar agwagwa, wai sai wanda ya iya. Ya tsaya a inda ruwa ya kai masa ƙirji, ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, yara ƙanana na wuce shi suna gaishe shi da Yarabanci. Sau ɗaya ya saki ƙarfen, ya sha ruwan da ya ce zai ishe shi har Litinin. Amma mai kula da wurin ya tambayi kuɗin takalman, ya sayi ƙafa biyu.

Tun daga ranar kusan kowace Asabar yana zuwa. Ya ce yanzu yana iya sakin hannu ɗaya.